Fim Ɗin Da Romuald Ya Zaɓa Wa Matarsa

A duk dogon benen nan na unguwar Baluty ta birnin Lodz, babu wanda bai san cewa idan ka haɗu da Pan Romuald, wato Malam Romuald da harshensu, a matakala, kada ka kuskura ka ce ka kalli wani abu jiya a talabijin ba. Zai dire jakar cefanensa, ya gyara zaman tabarau, ya tambaye ka waye ya ba da umarni a fim ɗin. Kai kuwa ina ka sani? Kai dai ka ga an yi harbi, an yi kuka, daga ƙarshe an yi biki. Sai ya dube ka sama da ƙasa kamar ka shigo masa ɗaki da taɓo a takalmi, ya ce, "To, Allah ya ƙara lafiya," ya ɗauki jakarsa ya haye.

Shekara talatin ya yi yana jagorantar ƙungiyar masu kallon fim ta masaƙa, tun zamanin da masaƙun Lodz ke ruri dare da rana. Masaƙa ta rufe, ƙungiya ta watse, zauren da suke taruwa ya koma shagon katifa, amma bawan Allah bai yarda an sauke shi ba. Ya kwaso faya-fayansa ya jibge a hawa na huɗu, ya ci gaba da zaɓa wa mutane abin da ya dace su kalla a gidajensu, ko sun tambaye shi ko ba su tambaya ba. Zai tare ka a bakin ƙofa ya danƙa maka faifai, ya ce ka kalla da hankali, ban da cin abinci a lokacin. Bayan mako ka mayar masa ka ce, "Kai, akwai zurfi." Ya san ko buɗewa ba ka yi ba, kai ma ka san ya sani. A wurinsa mutanen benen nan duk awaki ne, abin da aka watsa musu shi suke ci.

Abin da ya fi tsana a duniya, har gaba da 'yan siyasa, shi ne lektor, mai karanta fassara a kan finafinan waje. Ƙato ɗaya ne zai karanta maganar jarumi, ya karanta ta budurwarsa, ya karanta ta tsohuwar da ke cikawa a gado, duk da murya guda, irin ta mai sanar da tashin jirgin ƙasa, muryoyin 'yan wasan na ainihi kuma suna can ƙasa-ƙasa suna nishi. Haka duk ƙasar ke kallon finafinan waje tun da aka kawo talabijin, kuma babu wanda ya taɓa mutuwa saboda haka. Amma Romuald ya ce wannan cin mutunci ne, ba a gidansa ba. A gidansa rubutu ake karantawa a ƙasan allo, a ji muryar ɗan wasa yadda Allah ya halicce ta.

Kowace Lahadi, in an dawo daga coci an sha romon kaza da taliya, sai ya ja labule, ya zauna a kujerarsa, matarsa Lucyna ta zauna a tata, ya sa fim. Tun suna saurayi da budurwa haka suke. Yanzu da kowa ya tsere, ita kaɗai ta rage masa 'yar kallo a duniya, kuma ita ɗin ma ta fara zamewa. Lahadin da ta wuce da wadda ta gabace ta, tana gama wanke kwanuka ta yafa rigar sanyi ta ce za ta leƙa maƙwabciyarsu Pani Genowefa, wato Malama Genowefa, a hawa na biyu. Leƙawar da ba ta dawo ba sai yamma lis. Ya kuma san abin da ake yi a can: fim ɗin Turkiyya mai dogon zango, wanda aka fi shekara ana kuka a cikinsa, ga lektor yana ta ɓaɓatu a kai. Matarsa! Matar da ya raina da hannunsa a kan finafinai na gaske! Abin ya hana shi jin daɗin abinci.

Ya san dalili, ko dai ya ɗauka ya sani. Idon Lucyna ne. Likita ya ce tsakiyar ganinta ce ke lalacewa, gefe-gefe kawai za ta riƙa gani, kuma ba gyaruwa zai yi ba. Romuald yana wurin aka faɗa, ya gyaɗa kai irin na masu fahimta, ya fito asibiti da abu ɗaya tak a kansa: Lucyna ba za ta iya karanta rubutun ƙasan allo ba. 'Yarsu da ke aikin jinya a Ingila ta aiko da ƙatuwar talabijin wadda ta kusa cinye bango, rubutun ya yi manya-manya, amma a banza.

To, sai ya zauna ya yi tunani, irin tunanin masu tabarau. In rubutu ne matsalar, ai sai a nemo fim ɗin da babu rubutu. In babu magana, babu abin fassarawa. Ya kwashe kwanaki yana birkita faya-fayai, yana hura ƙura, yana atishawa, har ya zaƙulo wani daga wata ƙasa ta can arewa. Labarin wani masunci ne da tafkinsa ya ƙafe, shi kuma bai fasa shafa wa kwalekwalensa fenti ba. Maganar da ke cikinsa duka ba ta cika cokali ba. Romuald ya rungume faifan a ƙirji, shi a dole ya ceto aurensa da basira.

Ranar Asabar ya yi kiciɓis da Pani Genowefa a matakala, ta tsaya tana haki da jakar dankali. Tsohuwar masaƙiya ce, ƙarar injuna ta cinye mata rabin ji, shi ya sa in tana raɗa ma sai an ji ta a hawa na biyar.

"A'a, Pan Farfesa! An fito shan iska?"

"Pani Genowefa. Gobe Lucyna ba za ta sauko ba."

"Ita ta ce?"

"Ni na ce."

"Oho. To gobe ne fa za a san uban yaron a fim ɗinmu. Har Pani Bronka ta fasa zuwa wurin jikokinta."

"Wata nawa ke nan ana neman uban yaron nan? Ko 'yan sandan garin nan ai sun fi haka sauri."

"Mu dai a namu ana neman wani abu," in ji ta. "Faifan da ka ba ni bara, na sa shi, na je na fere dankali, na dafa, na dawo, mutumin bai gama tsallaka titi ba."

"Wannan ita ake kira fasaha, Pani."

"To ya tsallaka kuwa daga baya? Ni barci ya ɗauke ni, har yau ina tausayinsa."

Ta ƙyalƙyale da dariya har dankalinta guda ya gangara. Bai ɗauko mata ba. Ya wuce yana cewa a ransa, shekara arba'in mace tana gaban inji, dole ƙwaƙwalwa ta koma zare.

Lahadi ta zo da ruwa tsit-tsit. Aka je coci aka dawo, aka sha romo. Kafin Lucyna ta kai hannu ga rigar sanyinta, ya riga ya ja labule, ya zuba mata shayi da yankan lemun tsami a kofin gilashi, ya ajiye a gefen kujerarta, abin da rabon da ya yi tun tana jego. Har da kiranta da sunanta na lele.

"Zauna, Lusia. Yau na yi miki tanadi na musamman."

Ta juyo da fuskarta a karkace, yadda take yi yanzu in tana son ganin mutum, ta kalle shi da wutsiyar ido, ita ma ta kira shi da nasa na lele.

"Romek, na ce wa Genowefa zan…"

"Genowefa ba za ta mutu ba. Saurara. Yau babu karatu, ba za ki wahalar da idonki a kan rubutu ba. Wannan fim ɗin babu magana a cikinsa kusan sam. Hoto ne zalla, tsantsa!"



"Babu magana?" ta ce.

"Ko kaɗan. Ai shi ne daɗinsa."

"To," in ji Lucyna, ta laluba hannun kujera ta zauna.

Kai, jama'a! Mutum ya zauna a gaban likita, ya ji da kunnensa cewa matarsa ba ta ganin abin da ke tsakiya, ya je ya yi kwana da kwanaki yana bincike, ya dawo mata da hoto zalla. Ko yaron da ke sayar da jarida a tasha ba zai yi wannan ba. Amma Romuald ya gyara zama, ya harɗe ƙafa, ya danna rimot yana murmushi.

Iska ta fara kaɗawa a cikin talabijin. Ta kaɗa, ta kaɗa. Can sai ƙarar burushi a jikin katako, shaf, shaf. Sai iska kuma. Wani tsuntsu ya yi kuka sau ɗaya ya ga babu riba ya yi shiru.

"Me yake yi?" in ji Lucyna.

"Shhh. Kalla dai."

Ta kurɓi shayi. Burushi ya ci gaba.

"Shi kaɗai ne?"

"Lusia, ba a tambaya a irin wannan fim. Bari ya shige ki."

Jim kaɗan shi da kansa ya tsayar da fim ɗin, don ba zai iya haƙuri ba. Ya miƙe ya je gaban allo yana nuni da rimot. Ya ce ta dubi yadda aka ajiye mutumin a tsakiya, sama ta danne shi. Ya ce ta lura kyamara ba ta motsa ba tun ɗazu, wannan da gangan ne. Ya ce ta dubi fuskarsa, fuskar nan kaɗai ta fi littafi. Ya kawo sunan wani biki da aka ba fim ɗin kyauta, ya kawo abin da shi ya faɗa a kansa a zauren masaƙa shekarun baya, da yadda wani injiniya ya yi masa musu ya kunyata shi. Lucyna tana zaune da kofi a hannu, fuskarta na fuskantar allo kamar yadda ta saba, tana cewa "uhm" a inda ake cewa "uhm".

Ya koma ya zauna, iska ta dawo. Ana cikin haka sai wani kiɗa ya taso daga ƙasa, ya biyo bututun ɗumama ɗaki ya shigo. Bangon benen nan in maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu, balle talabijin ɗin kurma. Kiɗan buɗe fim ɗin Turkiyya ne, goge na kuka kamar an yi rasuwa.

Lucyna ta ajiye kofi. Ta miƙe.

"Romek, zan sauka."

"Ko rabi ba a kai ba!"

"Na ji iska, na ji burushi. In fentin ya bushe ka faɗa min."

Ta ɗauki rigarta ta fita, ta ja ƙofa a hankali. Da ma bugawa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ya zauna shi kaɗai yana huci. Ya ce ba zai motsa ba, zai kalli abinsa har ƙarshe, wanda ya rasa shi ya yi asara. Amma ido na kan masunci, kunne na hawa na biyu. Ya ji an yi ihu, ya ji an tafa hannu. Zuciya ta ciyo shi, ya tashi ya sauka, da niyyar ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa wa tsofaffin nan abin da ake yi wa ƙwaƙwalwarsu, ya kamo hannun matarsa su haye.

Genowefa ce ta buɗe, bakinta cike da kek ɗin cuku.

"Yesu Maryamu! Pan Farfesa da kansa! Bronka, ɓoye talabijin, hukuma ta zo!"

"Wurin matata na zo."

"To cire takalmi, jiya na goge daɓe. Ga silifas ɗin marigayi mijina nan, sa su, bai taɓa ƙin baƙo ba."

Haka babban masani ya shiga falon a cikin silifas ɗin mamaci, waɗanda suka yi masa yawa, yana jan ƙafa. Ɗakin ya yi ɗumi, ƙamshin kofi da man zafi. A allo wata mace mai gashi har baya tana hawaye a gaban wani mai gashin baki, lektor kuma da muryar nan tasa ta gardi yana cewa, ba tare da ko ɗigon tausayi ba: "Ina son ka, amma ni matar ɗan'uwanka ce. Kada ka taɓa ni. Wayyo zuciyata." Tir! Romuald ya buɗe baki zai fara.

Sai ya ga Lucyna.

Ba ta ma fuskanci talabijin ɗin ba. Ta juya kujerarta gefe, ta ba shi kunne, idanunta a rufe, faranti a cinya. Fuskarta kuwa tana ta aiki, gira ta tashi, baki ya taɓe, kai ya girgiza.

"Ƙarya take yi!" ta ce da ƙarfi. "Ku ji ta can ƙasa, ku ji yadda ta haɗiye numfashi kafin ta faɗa. Wallahi ta san uban yaron."

"Haba Lucyna, kuka fa take yi," in ji Bronka.

"Kukan me? Ni ma na iya irinsa. Jira ki ji."

Aka buɗe ƙofa a cikin fim ɗin, wani ya shigo, lektor ya ce: "Ni ne uban yaron." Falo ya kaure. Bronka ta yi salati irin nasu tana zana gicciye a ƙirji, Genowefa ta daki cinya tana zagin mutumin har kakansa, Lucyna kuwa ta kwashe da dariya, ta jefa kai baya, har hawaye. Romuald ya nemi ranar da ya ji wannan dariyar a falonsa ya rasa.

A tsaye a nan, cikin silifas ɗin wani, abin da likita ya faɗa ya iso masa a makare. Wannan shirmen da ya raina, komai a cikinsa da baki ake faɗa. In mutum ya shigo sai an kira sunansa, in yana baƙin ciki sai ya sanar, in zai fita sai ya yi sallama. Makaho ma zai bi shi tiryan-tiryan. Shi kuma ya zaunar da ita gaban iska da burushi yana ce mata ta dubi fuska. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har kunnuwa. Har aka gama, ko kek ɗin da Genowefa ta tura masa bai iya taɓawa ba.

"Yaya, Pan Farfesa, akwai zurfi?" in ji ta da za su fita.

Ya sa takalminsa, ya riƙe wa matarsa ƙofa.

A matakala Lucyna ta kama ƙarfen riƙo da hannu ɗaya, shi ya kama ɗaya hannun. Suka hau a hankali, tsufa ba ya son gaggawa. A kwanar hawa na uku ya tsaya.

"Lusia, na yi wauta."

"Ka yi."

"Amma na samo mafita. Akwai finafinai masu kyau da magana ta cika su, na gaske, ba irin wannan kwatar ba. Ni zan riƙa karanta miki rubutun. Duk abin da suka ce zan faɗa miki. In wani ya shigo in ce ga wane ya shigo." Kalmar ta yi masa ɗaci, amma ya faɗe ta. "Ni zan zama lektor ɗinki."

Ya ɗauka za ta ji daɗi. Mutum ya sauko daga inda yake har zuwa nan, ai ko dutse ya yi laushi. Ta juyo a karkace ta dube shi da gefen idon da ya rage mata, ta daɗe.

"Romek, ai ka fi shekara arba'in kana yi."

"Ina yin me?"

"Ban taɓa kallon fim ba sai da muryarka a kai. Kai ke faɗa min inda zan duba. Kai ke faɗa min nan wurin mamaki ne, nan wurin baƙin ciki ne, wancan da ya ba ni dariya kuskure ne, bai kamata in yi ba. Lokacin da nake da ido biyu garau, kai ka kalla, ni na zauna kusa da kai."

"Koya miki nake yi."

"Na sani. Na gode. Lektor ɗin can da kake zagi, in ya faɗi abin da suka ce, shiru yake yi. Bai taɓa gaya min abin da zan ji a raina ba."

"To zan yi shiru! Karatu kawai, ba ƙari."

"Ba za ka iya ba."

"Zan iya mana. Duba, Lusia, abin da ba ki gane ba shi ne, akwai bambanci tsakanin fim ɗin da ke faɗa miki komai da wanda ke barin ki ki…"

Ya ji kansa. Ya tsaya da baki a buɗe, yatsa a sama.

Ba ta yi dariya ba, ba ta ce ka gani ba. Ta zare hannunta daga nasa a hankali, ta ci gaba da hawa ita kaɗai, tafin hannunta na bin ƙarfe. Da ta kai ƙofarsu ta laluba ramin makulli da ɗan yatsa, ta buɗe, sannan ta yi magana ba tare da ta waiwayo ba.

"Abincinka ba zai fasa ba, coci ma tare za mu je. Amma bayan romo, Lahadi tawa ce. Ɗan ganin da ya rage min ba shi da yawa, Romek, kuma ba zan ƙarar da shi a kan abin da ya kamata ba. Ka nemi wani ka zaɓa masa."

Ta shige ta bar masa ƙofa a buɗe. Romuald ya tsaya a matakala yana duban ƙofofin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Ya san wanda ke bayan kowace, ya san abin da ya taɓa ce wa kowannensu, ya kuma san babu wadda zai ƙwanƙwasa a buɗe masa da murna.